Tambaya da Amsa: Lanƙwasa da Lissafi a Gine-ginen Zamani da Kayan Ɗaki

Assalamu alaikum, masu karatu. Daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan da ya gabata, huɗu sun haɗu a kan magana ɗaya duk da cewa marubutansu ba su san juna ba, wato gine-gine da kujeru masu lanƙwasa waɗanda hotunansu suka cika wayoyin mutane a yanzu. Saboda haka na haɗa su wuri guda, na taƙaita kowace wasiƙa gwargwadon yadda ma'anarta ba za ta ɓata ba.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a fannin zanen gine-gine. Mun yi gardama da abokina a kan hoton wani gini da ke birnin Baku, wanda bangonsa ya taso daga ƙasa ya lanƙwashe har ya zama rufi, ba a ganin kusurwa ko ɗaya a jikinsa. Abokina ya ce irin wannan gini ya fita daga ƙangin lissafin siffofi, wai hannun mai zane ne kawai da abin da zuciyarsa ta raya masa. Ni kuwa na ce hakan ba zai yiwu ba. Ka raba mana gardama. Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Ƙanena, gaskiya tana wajenka, kuma tarihin wadda ta zana ginin ma ya isa hujja. Ginin da kuke magana a kai shi ne Cibiyar Heydar Aliyev da ke Azarbaijan, wadda aka buɗe a 2012, aikin marigayiya Zaha Hadid. An haife ta a Bagadaza a 1950, kuma lissafi ta fara karantawa a jami'a a Beirut kafin ta tafi Landan ta koyi zanen gine-gine. A 2004 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan sana'a, sannan ta rasu a 2016. Farin rufin nan da abokinka yake gani kamar mayafin da iska ta ɗaga yana zaune ne a kan ragar ƙarfe mai dubban mahaɗai, an lulluɓe ta da dubban faranti, kuma kowane faranti sai da aka san tsawonsa da faɗinsa da iyakar lanƙwasarsa kafin a zuba shi. Bangon da ya miƙe, magini yana auna shi da igiya da ma'auni cikin minti kaɗan. Bangon da ya lanƙwashe ta fuska biyu kuwa, kowane taki na jikinsa yana da nasa lissafin daban.

Abin da ya faru a birnin Sidni na Ostareliya zai ƙara fito maka da maganar fili. A 1957 wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Jørn Utzon ya ci gasar zana babban zauren kiɗa da wasanni na birnin, da zanen wasu rufuna masu kama da filafilan jirgin ruwa, waɗanda ya ja da hannu yadda suka yi masa kyau. Injiniyoyi suka shafe shekaru suna neman yadda za a gina su ba su samu ba, domin kowane rufi yana da tasa lanƙwasar, kuma babu wanda zai iya ƙera masa mazubin kankare na daban ba tare da kuɗin ya wuce hankali ba. Sai a 1961 aka sami mafita, inda aka yanke shawarar a ɗebo dukkan rufunan daga jikin ƙwallo guda ɗaya, wanda daga tsakiyarsa zuwa bayansa ya kai kimanin mita 75, kamar yadda za ka ɓare lemo ka fitar da yanki babba da yanki ƙarami amma duk lanƙwasarsu ɗaya ce. Da haka ne aka iya zuba haƙarƙarin kankaren a mazubi iri ɗaya ana maimaitawa. Duk da wannan dabara, ba a buɗe ginin ba sai 1973, kuɗinsa ya tashi daga dalar Ostareliya miliyan 7 da aka ƙiyasta zuwa miliyan 102, shi kuma Utzon ya bar aikin tun 1966. Ka gaya wa abokinka cewa zanen hannu ya tsaya a takarda shekara huɗu, har sai da lissafi ya zo ya ɗauke shi.

Daga baya kwamfuta ta sauƙaƙa wannan wahala, kuma abin sha'awa shi ne daga masana'antar mota da ta jirgin sama dabarar ta fito. A Faransa, Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na kamfanin Renault sun samar da hanyar bayyana lanƙwasa da lambobi, ta yadda ɗigo kaɗan za su riƙe dogon layi, in ka matsar da ɗigo ɗaya layin duka ya bi shi. Gidan tarihin Guggenheim da Frank Gehry ya zana a Bilbao ta ƙasar Sifen, wanda aka buɗe a 1997, an tsara shi ne da manhajar CATIA wadda aka ƙirƙira domin ƙera jiragen sama.

Amma tunda kai ɗalibi ne, akwai wani bambanci da nake son ka riƙe fiye da sunaye da shekaru. Lanƙwasa iri biyu ce. Akwai wadda take riga ce kawai, ƙarfen da ke ciki ne yake ɗaukar nauyi ita kuma tana rufe shi, kamar ta Baku da ta Bilbao. Akwai kuma wadda ita kanta ce ƙashin ginin. Ka ɗauki sarƙa ka riƙe bakinta biyu ka bar tsakiyar ta sauka: siffar da ta yi ita ce wadda kowace ƙwaya take jan 'yar uwarta ba tare da karkata ba. In ka kifa wannan siffa ta koma sama, ka sami bakan da kowane tubali yake danne ɗan uwansa har nauyin ya isa ƙasa. Robert Hooke na Ingila ya bayyana haka tun ƙarni na 17, Antoni Gaudí kuma ya yi aiki da shi a kusa da Barsalona, inda ya rataye igiyoyi da ƙananan jakunkunan dalma ya ɗauki hotonsu ya juya hoton domin ya ga siffar cocin da zai gina. A Meziko, Félix Candela ya rufe wani gidan cin abinci a 1958 da kankaren da kaurinsa bai wuce santimita 4 ba a mafi yawan jikinsa, ya yi amfani da siffa mai kama da sirdin doki, wadda take hawa ta gaba da baya tana sauka ta gefe biyu. Sirrin wannan siffa shi ne miƙaƙƙun layuka ne suke haifar da ita, don haka kafintocinsa da miƙaƙƙun katakai suka haɗa mazubin. Kai ma za ka iya gwadawa: ka tsayar da damin kara ka murɗa shi kaɗan, za ka ga ya yi ƙugu irin na turmi alhali babu karan da ya tanƙware.

A ra'ayina wannan iri na biyu ya fi cancantar girmamawa, domin yana rage kayan aiki maimakon ya ƙara su, kuma ba sai ka je Meziko ba kafin ka gan shi. A garin da kake karatu akwai tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a farkon rabin ƙarni na 19. Azarar giginya ba ta iya ketare fili mai faɗi ita kaɗai, da ƙyar take wuce mita biyu da nauyin ƙasa a kanta, sai maginanmu suka riƙa jera ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta ɗan leƙo gaban wadda ke ƙasanta, a ɗaure, a shafe da ƙasa, har bakan da magina suke kira bakan gizo ya haɗe a sama ya ɗauki tulluwa, wato ƙubbar rufin. Gajerun miƙaƙƙun itatuwa ne suka ba da wannan lanƙwasa mai laushi. Ka ja abokinka ku je ku tsaya ƙarƙashin abin da ya rage na waɗannan bakuna da takarda da fensir, ku auna da ido ku zana.

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. Allah ya nufe ni da sauke farali bana, kuma abu biyu sun tsaya mini a rai bayan ibada: manyan lemomin da ke buɗewa da rufewa a harabar Masallacin Annabi (SAW) a Madina, da rumfunan da muka zauna ƙarƙashinsu a filin jirgin Jidda. Yaya aka yi yadi ya rufe fili mai girma haka, iska ba ta yaga shi, kuma ƙarƙashinsa da sanyi? Daga wani Alhaji, Damagaram.

AMSA: Alhaji, Allah ya karɓi ibada, ya sa an yi karɓaɓɓiya. Abin da ya riƙe yadin nan shi ne siffarsa kafin ƙarfin zarensa. Duk wanda ya taɓa kafa rumfar tamfal a wajen biki ya san cewa in aka shimfiɗa ta a miƙe, iska tana kaɗa ta sama da ƙasa har ta yage, ruwa kuma ya taru a tsakiya ya yi mata ciki. Maganin wannan shi ne a ɗame yadin ta yadda zai lanƙwashe ta fuska biyu masu saɓa wa juna: in iska ta danno daga sama zaren da ke bin fuska ɗaya ya riƙe, in ta ɗago daga ƙasa zaren ɗaya fuskar ya riƙe. Bajamushen nan Frei Otto, wanda ya tsara rufin filin wasannin Olamfik na Munik a 1972, ya gano irin waɗannan siffofi ne ta hanyar tsoma zoben waya cikin ruwan sabulu, domin fatar kumfar da kanta take neman siffar da ta fi ƙarancin faɗi, wadda ɗamewarta take daidai a ko'ina.

Lemomin Madina aikin kamfanin Mahmoud Bodo Rasch ne, wanda ya yi aiki tare da Frei Otto kafin ya kafa nasa. Guda 250 ne a harabar, an kammala su a 2010, kowace tana da faɗin kimanin mita 25 ta kowane gefe. Za ka tuna cewa siffarsu ta mazurari ce, bakin yana sama, tsakiyar ta gangaro zuwa ginshiƙi. Da rana suna tare zafi, da dare kuma a naɗe su domin daɓen ya saki zafin da ya sha. Rumfunan Jidda sun girme su, domin an kammala su a 1981. Tantuna 210 ne, kowane mita 45 ta kowane gefe, an yi su da zaren gilashi da aka shafa wa sinadarin Teflon. Farin yadin yana mayar da mafi yawan zafin rana, ƙoƙon kowane tanti yana da kafa a sama inda iska mai zafi take fita, gefe kuma a buɗe yake. Babban injiniyan aikin shi ne Fazlur Rahman Khan, haifaffen Daka ta Bangaladash, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Jiddan a 1982, shekara ɗaya kafin aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine. Allah ya jiƙansa, miliyoyin alhazai sun sha inuwar lissafinsa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni kafinta ne, shekarata goma sha biyar ina haɗa gadaje da kujeru. Yanzu iyayen amare suna zuwa da hotuna a waya na kujeru masu zagayayyen baya da tebura masu siffar ƙwai, su ce irinsu suke so. Nakan zana lanƙwasar a kan faffaɗan katako in yanke da zarto, amma katako yana ɓarna da yawa, kuma kujera biyu sun dawo mini a karye daidai wurin lanƙwasar. Ina mafita? Daga wani kafinta, Kano.

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗin yadda ka faɗi inda aikin ya karye, domin a nan amsar take. Katako yana da jijiya da ke bin tsawonsa, kuma ƙarfinsa duka a cikin wannan jijiya yake. In ka yanko baka daga faffaɗan katako, a tsakiyar bakan ka datse jijiyoyin sun zama gajeru, ba abin da ya riƙe su sai mannewarsu da juna, don haka ranar da mai jiki ya jingina da ƙarfi sai wurin ya tsage. Abin da ake so shi ne jijiyar ta bi lanƙwasar daga farko har ƙarshe, kuma hanyoyin yin haka sanannu ne.

Ta farko ita ce turara katako. Michael Thonet, wanda ya kafa sana'arsa a Biyana ta Ostiriya, ya fitar da kujerarsa mai lamba 14 a 1859: sandunan katako shida da aka dafa da tururi aka tanƙwara, a haɗa su da 'yan kusoshi masu murɗi. Ana zuba kujera 36 a warwatse cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe a tura ƙasashen duniya, kuma zuwa 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Dabararsa ita ce ɗaura ɗamarar ƙarfe a bayan sandar yayin tanƙwarawa, domin bayan lanƙwasa shi ne yake miƙewa ya tsage, ɗamarar kuma tana hana shi. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce awa ɗaya a cikin tururi ga kowane inci ɗaya na kauri. Sai dai zan gaya maka gaskiya, yawancin katakan ƙasashe masu zafi ba sa son wannan hanya, haka ma katakon da ya bushe ƙayau, saboda haka kada ka sa kuɗin mutane a ciki sai ka gwada da guntaye.

Hanya ta biyu ita nake ba ka shawara, domin ta fi dacewa da shagonka. Ka tsaga katakon falle-falle, kowane falle kaurin milimita 3 ko 4, yadda zai tanƙwaru da hannu ba tare da ya yi ƙara ba. Ka shafa gam mai kyau a tsakaninsu, ka jera su jijiyarsu tana kallon fuska ɗaya, ka matse su a jikin wani mazubi da ka sassaƙa da siffar da kake so, da mamatsa kusa da kusa, ka bar su kwana guda. In ka kwance, sun zama abu ɗaya mai riƙe da siffarsa. Yakan ɗan buɗe kaɗan bayan kwancewa, don haka ka sa lanƙwasar mazubin ta ɗan fi wadda kake nema tsanani. Da irin wannan hanya Alvar Aalto na ƙasar Finlan ya yi kujerar da ya tsara wa asibitin masu tarin fuka na Paimio a farkon shekarun 1930, inda ya karkatar da bayanta domin majinyaci ya sami sauƙin numfashi. Wahalar tana wajen mazubin farko ne. Da zarar ka yi shi, kujera ta goma ta fi ta farko sauƙi da araha.

Batun tebur mai siffar ƙwai kuwa, kada ka ja shi da ido. Ka kafa ƙusa biyu a kan layin tsakiyar katakon, ka zagaya su da igiyar da ka ƙulle bakinta wadda ta ɗan yi sako-sako, ka sa fensir cikin igiyar ka ɗame ta ka zagaya. In ka nisanta ƙusoshin siffar ta yi tsawo, in ka kusanta su ta nufi da'ira.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada hoton waya ya sa ka manta da jikin wanda zai zauna. Tsayin mazaunin kujerar tebur daga ƙasa kimanin santimita 43 zuwa 45 ne, tebur kuma 72 zuwa 75, baya ya ɗan kwanta kaɗan, ya kuma turo daidai ƙugu inda ƙashin bayan mutum yake shiga ciki. Kujerun hotuna da yawa an yi su ne domin ido, amarya kuwa shekaru za ta yi tana karɓar baƙi a kansu. Masassaƙanmu da suke fafe kujerar tsugunno daga gungume ɗaya suna ɗan rarake samanta daidai zaman mutum, kuma wannan ilimi ne da bai kamata ya ɓace a shagon kafinta ba.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni da maigidana za mu fara gini a filinmu, kuma ina sha'awar falo zagayayye da ƙubba a samansa. Maginin ya ce kuɗin zai ƙaru sosai. Ni kuwa na taɓa jin cewa zagayayyen ɗaki ya fi cin bulo kaɗan. Wane ne mai gaskiya? Daga wata Hajiya, Kaduna.

AMSA: Hajiya, ina amsawa, Allah ya sa a gama lafiya a shiga lafiya. Ku biyun kowa yana da gaskiyarsa. Abin da kika ji haka yake a lissafi: ɗaki mai faɗin murabba'in mita 16, in mai kusurwa huɗu daidai ne, bangonsa mita 16 ne a zagaye, in kuwa da'ira ce bangon bai fi mita 14 da ɗan kai ba, ragin kusan kashi 11 cikin ɗari ke nan. Ga shi kuma da'ira tana raba nauyi daidai ba ta da kusurwar da za ta fara tsagewa, abin da ya sa rumbu da rijiya suke zagaye.

Matsalar ita ce kayan ginin da ke kasuwa duka an yi su ne domin miƙaƙƙen layi. Bulo dogo ne, in aka jera shi a da'ira mai ƙanƙanta sai ya bar gibi a waje wanda siminti zai cike, ko kuma a yi ta sare shi. Taga da ƙofa da kwano da tayil da silin duk sai an yanka an zubar da saura, mazubin kankaren da zai zagaye saman bangon aikin kafinta ne na musamman, sannan kabad da doguwar kujera ba sa manne wa bangon da ya lanƙwashe. Ragin da kika samu a bango yakan tafi a waɗannan, har ya nemi ƙari. Maginan gargajiya ba su gamu da wannan ba saboda tubalin ƙasa ƙarami ne mai siffar ƙwai, yana bin duk inda hannu ya kai shi.

Shawarata ita ce ku zaɓi wuri ɗaya tak ku ba shi lanƙwasa, kamar zauren shiga ko bangon matakala, inda ba a jera kaya da yawa, sauran gidan ya tafi a miƙe. A wannan wurin ku yi amfani da ƙaramin jan bulo ko bulon ƙasa da ake matsewa da inji, irin wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji da shi a jihar Tawa ta Nijar, wanda aka kammala a 2018. Ƙubba kuwa tana tura bangon da ke ƙarƙashinta waje, don haka dole ne a ɗaure gindinta da zoben kankare mai rodi, kuma injiniya ne zai ba da girman zoben da yawan rodin a rubuce kafin a haƙa tushe. Ku kuma tambaye shi tun yanzu ta ina ruwan sama zai sauka daga gindin ƙubbar, domin a mahaɗarta da sauran rufin ne yoyo yake fara bayyana, ga daminar Kaduna da yawan ruwa.